Katako Ba Ya Kiɗa: Nasiha Ga Mai Son Haɗa Allon Feda

Ɗana, an ce mini fedojin jitarka sun kai huɗu, a jakar leda kake zuba su duk inda aka gayyace ku wasa, kuma yanzu idonka ya faɗa kan allon ƙarfe irin na kanti da ka gani a gaban wani, har kana tunanin cin bashi. Samu wuri ka zauna mu yi magana kafin ka kai kanka. Na tsufa a wannan sana'a. Na riƙe jita a gidan biki, na riƙe a otal, na riƙe a fili inda babu mai ba mu wuta sai janareta mai tari. Abin da na tsinta a tafiyar shi ne, cikin duk kayan da ke ƙarƙashin ƙafar makaɗi, allo ne kaɗai sauti ba ya ratsawa. Saboda haka shi za ka nema kusan a kyauta. 'Yan kuɗin da ka tara kuwa, ka zuba su a wuta da waya, abubuwa biyun da ba mai kallo balle ya yaba.

Aikin allo bai taka kara ya karya ba. Ya riƙe fedoji wuri guda kada su zame in ka taka, ya hana wayoyi jijjiga, ya sa in kun isa wurin wasa ka cusa waya biyu, ka jona wuta, ka miƙe, maimakon ka durƙusa kana warware igiya dangin amarya suna hararar ku. Duk katakon da ya yi wannan ya sauke nauyinsa. Lokacin da Jimi Hendrix ya hau dandamali a Woodstock a 1969, fedoji uku ne a gabansa, wah na Vox da Fuzz Face da Uni-Vibe, zube a ƙasa. A shekarun 1970 ne wani gwanin lantarki a Ingila, Pete Cornish, ya yi suna wajen ƙera wa manya irin su David Gilmour da Brian May alluna, kuma da hannu yake yin su. Shi kansa Brian May, jitar da duniya ta san shi da ita, shi da mahaifinsa suka fara sassaƙa ta a gida a 1963, wuyanta daga tsohon katakon murhun ɗumama ɗaki. In Ingila ta yi maka nisa, dubi Mdou Moctar na Nijar, wanda da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ko Ibrahim Ag Alhabib na Tinariwen, da gwangwani da sanda da wayar keke. Kayan gida ba abin kunya ba ne a wurinmu.

Kafin ka nufi kafinta, jera fedojin nan huɗu ka tambayi kanka waɗanne ka taka a wasanku na ƙarshe. Yawancin samari in za su faɗi gaskiya, biyu ne. Abin da kiɗan biki da na coci da na otal ke nema bai wuce mai saita tsirkiya ba, sai obadiraif mai sa wa murya kaushi, sai dile mai amsa kuwwa, in da hali a ƙara koras ko wah. Masu jitar Agadas da ake yabo yau, da yatsa da ƙaramar amfilifaya suke tashin biki tun kafin kayan Turai su zo hannunsu. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Kada ka ƙera allo mai ɗaukar feda goma, domin duk gurbin da ka bari zai riƙa kiran ka kasuwa. Bar wurin guda ɗaya saboda gobe, ya isa.

Awo a kan kwali ake fara shi. Shimfiɗa kwali a ƙasa, jera fedojin da wayoyinsu a jiki, don kan waya ma yana cin wuri. Sa takalmin da kake wasa da shi, rataya jita, ka tsaya ka taka kowace. In ƙafarka ta shafi maƙwabciya ko ta murɗa maɓalli, ƙara tazara. Sannan ka zana da biro ka yanke. Ƙananan fedojin Boss, waɗanda aka fara fitarwa a Jafan a 1977, faɗinsu ya ɗan haura santimita 7, tsawonsu kusan 13, kuma fedoji da yawa ba su yi nisa da wannan girma ba. In ka bar santimita 4 ko 5 tsakanin kowace biyu, allo mai tsawon santimita 60 da faɗin 20 zai ɗauki biyar a layi ɗaya. Wah doguwa ce, ko ka ƙara faɗin allon dominta, ko ka bar ta a ƙasa a gefen dama.

Ɗauki kwalin ka tafi wurin kafinta, ka gaishe shi da kyau, ka tambayi ragowar filawud mai kaurin milimita 12 zuwa 18, irin guntun da ke raguwa in an gama wadrob. Sau da yawa kuɗin shayi ya wadatar. Ka guji katakon nan na garin zarto da aka matse da gam, damina ɗaya ke kumbura shi kuma ba ya riƙe sukuru. Ka guji ɗanyen katako, hunturu zai murɗe shi ya bar ka da allo mai rawa. Ka ce ya tsaga maka shi sala uku, a bar ratar yatsa biyu tsakani, a kafa su kan ƙafafu masu gangara, gaba santimita 2, baya 7 ko 8. Ta ratar nan wayoyi za su nutse ƙasa, tudun baya kuma ya ba adafta maɓoya. A sa ƙafa ta uku a tsakiya, domin ranar da kiɗa ya yi daɗi ba a hankali za ka taka ba. A haɗa da sukuru da gam, a goge da samfefa, a shafa baƙin fenti. Yanki tsohon tif na keke ka manna a ƙarƙashi saboda santsin tayil, ka kafa mariƙin durowa a gefe. In ka dace da tsohuwar jakar hannu mai tauri a gwanjo, to a yi awon allon daidai cikinta, ka samu murfi a ɓagas. Ko a Turai da Amurka a baya makaɗa sun yi shekaru suna yanka katakon wata kantar ajiya ta kamfanin IKEA mai suna Gorm suna yin allo da shi, don haka kada wani ya yi maka gori.

Sai ɗaurewa. Abin da kowa ya sani shi ne Velcro, ƙyallen nan mai fuska biyu, ɗaya gashi ɗaya ƙaya, da ake sa wa takalmin yara. Mai laushin a kan allo, mai ƙayar a ƙarƙashin feda. Yana da daɗi ga mai yawan canje-canje, amma masu yin gam ɗinsa ba su san zafin watan Afrilu a bayan a-kori-kura ba. Gam ya narke, ka buɗe jaka ka tarar da fedoji sun taru a lungu ɗaya suna danƙo. In za ka yi aiki da shi, goge ƙasan feda da sifirit ya bushe kafin ka manna, na kan allon kuma ka bi shi da ƙananan ƙusoshi irin na masu kujera. Ni dai na fi yarda da sarƙar keke. Je wurin mai gyaran keke ka roƙi tsohuwar sarƙa ya warware maka. Kowace gaɓa tana da 'yan faranti masu siffar lamba 8, da huda biyu. Kwance sukuru ɗaya daga cikin huɗun da ke ƙasan feda, zura shi ta huda ɗaya, ka mayar. Ɗaya hudar da ta leƙo waje ka kafe ta a katako da ƙaramin sukuru. Biyu a kusurwoyi masu kallon juna sun isa. Rana ba ta narkar da wannan, ƙura ba ta cika shi, mai dogon hannu a wurin biki kuma sai in ya zo da sukudireba.

Yanzu mun zo inda nake so ka buɗe kunne. Kusan duk ƙananan fedoji bolt 9 suke ci, wutar DC irin ta batir, kuma a ramin da ake cusa musu wuta, tsinken tsakiya shi ne negatif. Adaftocin gida kuwa, na dikoda da na'urar intanet da makamantansu, yawanci akasin haka suke: fozitif a tsakiya, sau da yawa kuma bolt 12. Kansu yana shiga ramin feda lafiya lau, kuma nan haɗarin yake. Na ga haka da idona a wani biki. Yaro ne mai hannu, tela ne da rana, da kuɗin ɗinki ya sayi fedojinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya manta adaftarsa a gida, ya shiga falon ango ya zaro ta dikoda, ya gwada, ta shiga. Ba a ji ƙara ba. 'Yar jar fitilar ta yi ƙyal ta mutu, sai warin ƙonanniyar roba ya taso. Da yake layi ɗaya ya jona su, ba guda ta tafi ba. Ya gama wasan daren da jita kai tsaye a amfilifaya, yana yi yana duban ƙasa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Daga yau, kada ka cusa wa feda wata adafta sai ka karanta rubutun jikinta. Bolt 9 ce? DC ce? Domin akwai masu bolt 9 amma AC, su ma kisa suke yi. Zanen nan na ɗigo cikin rabin da'ira, alamar debewa ce ke nuna tsakiya? Sannan ka duba abin da take karɓa daga bango. Wutarmu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce, kayan gwanjo na Amurka kuwa da yawa don 120 kawai aka yi su. In ka ga an rubuta 100 zuwa 240, wannan ta kowa ce. Bayan haka sai lissafin ci. Kowace feda tana da adadin da take zuƙa, ana rubuta shi da alamar mA a jikinta ko a takardarta. Obadiraif na gargajiya sau da yawa ba ya kai 10, dile na dijital kan ci 50 zuwa 100, manyan na zamani masu gilashin rubutu su kai 300 ko fiye. Tara su duka, ka nemi adaftar da ta fi jimillar da rata mai kyau. Yawan mA a adafta ba ya cutarwa, feda abin da take buƙata kawai take ɗauka. Yawan bolt da juyewar kai su ne ke ɓarna.

Hanya mafi araha ita ce adafta ɗaya mai kyau da waya mai rassa, kowace feda ta kama reshe. Tana aiki, sai dai kamar shan fura ne da ludayi ɗaya: mai mura guda ya ishi kowa. Fedar dijital kan zubo wani siririn fito cikin layin, obadiraif ya ɗauka ya ƙara masa murya, kai kuma ka zargi amfilifaya. Maganinsa ka ware mai dijital ɗin da tata adaftar. In Allah ya buɗa, sayi akwatin wuta mai raba kowace kafa daban, nan ya kamata kuɗin allon ƙarfen su tafi. Amma kasuwa cike take da akwatunan da aka rubuta wa haka alhali ciki reshe ɗaya ne. Mai gyaran rediyo zai gane maka da mita: in negatif na kafa biyu sun haɗu, ba a raba komai ba. Kuma kada ka raina batir, babu wutar da ta kai shi tsabta. Batura shida masu bolt 1.5 a jere sun ba ka 9 cif. A haɗa maka gidansu da kan da ya dace, ka ajiye a jaka saboda ranar da janareta zai fara hawa da sauka. In da batir a cikin feda, zare wayar shiga idan ka gama, domin muddin tana ciki batir na ci ko fitila ba ta kama ba.

A kan waya ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ta fi gaskiya. Gajerun wayoyin nan masu launi-launi da ake sayarwa a ƙulle, kansu narkakkiyar roba ce, in sun mutu ba gyara, kuma ba sa mutuwa sai tsakiyar waƙa. Sayi wayar jita mai kyau mai raga a ciki, mita biyu, da kawunan jak na ƙarfe masu lanƙwasa, milimita 6.35, waɗanda ake kwancewa. Wayar fitila da ta lasifika ba su da wannan raga, duk gurnanin ɗaki za su kwaso maka. Ka tafi wurin mai gyaran rediyo, amma kada ka miƙa masa ka tafi yawo. Zauna ka ce ya koya maka. Silin tsakiya a kan tsinin jak, ragar a jikinsa. Ka ga yadda yake ɗumama ƙarfen da wayar tukuna, sannan ya kawo dalma ta kwanta da kanta tana sheƙi. In ta yi dunƙule ta dushe, ba ta kama ba, a sake. Kowace waya a yanke ta daidai tazararta da 'yar rara, a gwada ta da mita kafin ta hau allo. Wanda ya iya like waya da dalma ya rage rabin kukan wannan sana'a. A ƙarƙashin allo kuma, na wuta su bi gefe guda, na sauti gefe guda, in dole su haɗu su gitta juna, kada su kwanta tare. Wayar da ta taso daga jita kada ta wuce mita 6, domin tsawo yana cinye kaifin murya.

Jeri daga dama yake farawa, inda jita ke shiga. Mai saita tsirkiya a gaba, sai wah, sai obadiraif, sai koras, dile a ƙarshe. Dalili shi ne dile yana maimaita abin da aka ba shi. In ya zo bayan obadiraif, zai maimaita murya mai kaushi a tsabtace. In ya zo kafinsa, amsa kuwwar da asalin muryar za su cakuɗe su zama taɓo. Tsofaffin fedoji irin Fuzz Face sun fi son jita ta shige su kai tsaye, don haka su ne farko. Wannan al'ada ce, ba doka ba. Ka san ta tukuna, sannan in kunnenka ya ce a juya, ka juya. Fedar da ka fi takawa ita ce kusa da ƙafar da ka fi amfani da ita. Ranar da sauti ya ɗauke ana tsakiyar wasa, kada ka ruɗe. Zare jita ka kai ta amfilifaya kai tsaye. In ta yi magana, laifin a allo yake, ka ci gaba da wasa haka nan. In an tashi hutu sai ka bi su ɗaya-ɗaya, kuma ka fara zargin waya kafin feda.

Ƙura da zafi su ne abokan gabanmu na kullum. Ƙurar hunturu tana shiga ramin jak da cikin maɓallai, sai ka ji ƙarar-ƙarar in ka murɗa. Rufe allon da ƙyalle duk lokacin da ba a wasa, ka ajiye tsohon buroshin haƙori a jaka. In maɓalli ya fara ƙara, akwai ruwan feshi na wanke kayan lantarki, shi za ka nema, ban da fetur, ban da man keken ɗinki. Kada ka bar allo a mota a rufe da rana. Tsofaffin fedoji masu tiransistan jameniyam ma zafi kaɗai kan sauya musu murya tsakanin la'asar da isha.

Akwai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Tsirkiyar jitarka a haɗe take da jikin amfilifaya, kai kuma hannunka na kan tsirkiya. Za ka haɗu da masu cewa a karya ƙafa ta uku ta filogi, wai gurnani zai ragu. Ƙafar nan ita ce wayar ƙasa, ita ke ɗauke wuta in wani abu ya lalace a ciki, don kada ta bi ta jikinka. Leslie Harvey, makaɗin jita ɗan Sikotilan, a kan dandamali ya mutu a Swansea a 1972 da ya taɓa makirufo mai wuta. Keith Relf na ƙungiyar Yardbirds a gidansa wuta ta kashe shi a 1976 yana riƙe da jita. A wuraren da muke wasa, inda ake cusa tsiraran wayoyi a soket da tsinken ashana, haɗarin ya fi haka. Sayi testa, kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba, ka taɓa tsirkiya da kan makirufo da ita kafin ka fara. Kada ka yi wasa ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. In ka ji leɓenka ya yi tsam a makirufo, ajiye jita har a gyara, ko wane ne ango.

Saura abin da ya shafe ka kai kanka. Kada ka ci bashi saboda kayan kiɗa, kuɗin biki ba albashi ba ne, azumi da damina kuma suna zuwa kowace shekara. Sayi gwanjo, amma da jitarka da batir za ka je, ka taka a gaban mai kaya, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza jak ka saurara. In za ka ba da aron allo, ka haɗa da adaftarsa, kuma gara ka bi shi da kanka. In ka gama haɗawa, ka ba shi wata shida ba ka kwance komai ba, ka san muryar kowace feda har ka iya saita ta a duhu. Lokacin da za ka ɓata kana kallon kayan wasu a waya, ba yatsunka shi. Kafinta da mai gyaran keke da mai gyaran rediyo da suka taimake ka, in wasa ya yi kyau ka koma ka gaishe su da ɗan abin goro, za ka sake neman su. Kuma in wani yaro ya tsuguna gaban allonka yana tambaya, juya masa shi ya ga ƙarƙashin, ka nuna masa yadda aka bi da wayoyin.

Tashi ka nemo kwali. Allah ya sa albarka a hannunka, ya tsare ka daga wuta da bashi.